ICAN: lakca ko tsofaffin tambayoyi, wanne ya fi fitar da mutum?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka riga mu shiga harkar ICAN, wato jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ku taimaka min da shawara, wallahi kaina ya ɗaure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, FR, wato darasin rahoton kuɗi na kamfanoni, ta kayar da ni a zangon da ya wuce, maki 43 na samu ga shi 50 ake nema. Abin da ya fi ƙona min rai ba faɗuwar ba ce, a'a, ni ne fa ban taɓa fashin lakca ba, duk Asabar da yamma da Lahadi tun safe ina wata santar lakca a nan Kano, na cika littafin rubutu har biyu, a cikin aji komai ina ganewa har ni nake yi wa na kusa da ni bayani idan malam ya wuce da sauri. Ranar jarrabawa ina buɗe takarda na ga tambayar farko konsolideshin ce, wato haɗa lissafin uwar kamfani da na 'yarta, na ce alhamdulillah wannan ai tuwona maina. Sai da na shafe awa ɗaya da minti ashirin a kanta, ɓangarorin biyu suka ƙi daidaita, ina ta gogewa ina sakewa, kafin in farga an ce saura minti talatin, tambaya guda cur ko taɓa ta ban yi ba.

Yanzu ina so in koma a Nuwamba, FR ɗin da Haraji da PSAF, wato lissafin kuɗin gwamnati. Aiki nake yi a ofishin kuɗi na wani kamfanin sayar da kayan masarufi, ba na dawowa gida sai bayan magariba, abin da nake samu bai wuce awa biyu da dare ba, shi ma in an kawo wuta. Wani abokina ya ce in manta da wata lakca, asarar kuɗi ce, in sauke Pathfinder, wato kundin tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, na shekarun baya daga shafin ICAN in yi ta bugawa har in haddace. Ni kuma tsoro nake ji, wanda ya je lakca ma ya faɗi ina ga wanda bai je ba? To wanne ya fi, in sake biyan kuɗin santa ko in zauna gida da tsofaffin tambayoyi?

Maman Hanif

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko Allah ya ba da sa'a a na gaba, 43 ba faɗuwar jahilci ba ce, faɗuwar lokaci ce, kuma kai da kanka ka faɗi ciwon ba ka lura ba. Ka ce a aji kana ganewa. Kowa ma yana ganewa a aji! Malam ne riƙe da alli, shi ya san inda zai fara da inda zai ƙare, kai naka gyaɗa kai da kwafa. Kamar mai zama a gaban mota ne kullum kusa da direba, ya san hanyar Kano zuwa Zariya kwana-kwana, amma ranar da aka miƙa masa makulli sai ƙafa ta fara rawa.

Bari in yi maka lissafin da ya cece ni. Lokacin da na rubuta matakin Skills, wato na tsakiya da kake kai, awa uku ne na rubutu, da minti 15 na karanta tambayoyi, maki kuma 100. Raba minti 180 gida 100, kowane maki ɗaya yana da minti 1.8. Ke nan tambayar farko ta dole mai maki 30 haƙƙinta minti 54 ne, mai maki 20 minti 36, mai maki 15 minti 27. Kai ka ba ta minti 80. Minti 26 ɗin da ka ƙara mata kusan daidai yake da lokacin tambayar da ka bari ba ka taɓa ba, kuma da ka taɓa ta ko rabin makin ka samu ai da yanzu wata maganar ake. Wannan abin babu lakcar da za ta koya maka shi, sai ka zauna da agogo a gabanka ka ji zafin yadda minti 54 yake ƙarewa kana tsakiyar aiki, kuma ka tilasta wa kanka ka ajiye ka wuce gaba ko da zuciyarka na cewa saura kaɗan ya daidaita. Ba sai ya daidaita ba fa. Duba jadawalin raba maki da ke bayan kowace amsa a Pathfinder za ka ga yadda ake yayyanka makin ƙanana-ƙanana, wannan layin rabin maki, wancan maki ɗaya, lissafin gefe da ka nuna yadda ka samo adadi shi ma da nasa. Jimlar ƙarshe da ka kashe kanka a kai abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba.

Amma ka ji wani abu, abokin nan naka da ya ce ka yi ta bugawa har ka haddace, rabin gaskiya ya faɗa maka. Karanta tambaya sannan ka juya ka karanta amsa kana cewa "eh haka ne, ai na sani", wannan ba atisaye ba ne, lakca ce ita ma, sai dai babu malam. Ni na yi wannan kuskuren wata guda cur ina da goyo, ina kwance ina zazzaga PDF a waya ina jin kamar karatu nake. Ranar da na rufe amsar na ɗauki biro da farar takarda sai ga ni ko tsarin bayanin shige da ficen kuɗi na ƙa'idar IAS 7 ban iya jerawa da ka ba. Daga ranar na sa wa kaina doka, ba na buɗe amsa sai na rubuta tawa, ko shirme ce, sannan in ɗauki jan biro in yi wa kaina maki ba sani ba sabo. Duk inda na faɗi in rubuta dalili a wani ɗan littafi, ban san ƙa'idar ba ne, ko na sani na manta, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Za ka sha mamakin yawan na ukun nan.

Baba Akanta

'Yata Maman Hanif ta yi magana mai kyau, amma ku yaran yanzu kuna da saurin jefar da malami. Ni na daɗe ina koyar da wannan abin kafin in ajiye, kuma na ga irin su da yawa, masu zuwa da Pathfinder na shekara biyar a kai kamar karatun allo, da an juya tambaya kaɗan sai su zauna suna cizon biro.

Ɗana, bari in gwada ka da abu ɗaya. Kamfani ya sayi kashi 80 na wani kamfani a kan naira miliyan 120, dukiyar kamfanin da aka saya bayan an cire bashi ta kai miliyan 100 a farashin ranar. Nawa ne gudwil, wato rarar darajar kamfanin a kan dukiyarsa? Idan ka auna rabon masu ragowar kashi 20 ɗin da kasonsu na dukiyar, miliyan 20 ke nan, 120 a tara da 20 a cire 100, gudwil miliyan 40. Idan kuma tambayar ta ce a auna rabonsu da darajarsa ta kasuwa, ta ba ka miliyan 28, sai ya zama 120 da 28 a cire 100, miliyan 48. Ƙa'idar lissafi ta IFRS 3 ta yarda da duka biyun. Wanda ya haddace amsar bara da aka yi ta hanyar farko, bana aka kawo ta biyu, zai rubuta 40 hankalinsa kwance ya fito yana cewa jarrabawa ta yi sauƙi. Kuma abin ba a nan ya tsaya ba, idan darajar gudwil ɗin ta faɗi daga baya, a hanya ta biyu ana raba asarar har da masu ƙaramin kaso, a ta farko uwar kamfani ce kaɗai ke ɗauka. Dalilin wannan shi ne aikin malami, minti goma a gaban allo ya wadatar, kai kuwa kana iya yin mako kana kallon amsoshi biyu da suka saɓa ba ka san me ya raba su ba.

Sannan ina tambaya, ta wace ƙofa ka shigo? Idan ta ATS ka biyo, wato jarrabawar ƙananan ma'aikatan akanta, ka hau matakanta uku ɗaya bayan ɗaya to ginshiƙinka da ƙwari, zauna gida ka yi ta tambayoyi. Idan kuwa da HND ko digiri ka zo aka yafe maka matakin farko na Foundation ka faɗo Skills kai tsaye, to binciki kanka da kyau, don da yawa an yafe musu jarrabawar ne ba a yafe musu ilimin ba, mutum ya bar makaranta shekara shida, debit da kiredit ma sai ya yi tunani. Irin wannan idan ya ce ba ya son malami ya cuci kansa.

Abu Zazzau

Hhhh Baba an taɓo sana'a 😂 Allah ya ƙara girma Baba, tuba nake.

Ni dai nawa gargaɗin a kan Haraji ne tunda na ga yana cikin waɗanda za ka rubuta. Wallahi tsofaffin tambayoyin haraji kamar maganin da ya gama aiki ne, kwalin lafiya lau, abin da ke ciki ya lalace. Ni na taɓa samo wani tsohon kundi a wajen wani yayanmu na zauna ina ta buga VAT a kan kashi 5, kaya na naira 200,000 haraji 10,000, ina duba amsa ina ganin daidai ina jin daɗi, alhali tun 1 ga Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5, amsar 15,000 ce. A shago na san 7.5 ne fa, kullum ina gani a rasit, amma hannuna ya saba da na littafi. Haka harajin ilimi na manyan makarantu, ya tashi daga kashi 2 ya koma 2.5 ya sake komawa 3 cikin 'yan shekaru, kowane Pathfinder ka ɗauka da nasa adadin. Harajin kamfanoni ma da kashi 30 ne kusan kowa da kowa, dokar kuɗi ta 2019 ta zo ta raba, a lokacin ƙananan da cinikinsu bai wuce miliyan 25 ba babu komai, matsakaita kashi 20, manya 30. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, amsar da ke bayan littafin kuwa ba ta san an canza ba.

Ɗan Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanif wallahi kamar kina wajen, lissafin mintocin nan ban taɓa yin sa ba sai yau. Baba da HND na shigo, shekara biyar ke nan da gamawa, kuma gaskiya misalin da ka kawo 40 na ce a raina kafin in karanta gaba, na san akwai hanya biyu amma maganar raba asarar ce ban taɓa riƙewa ba. To yanzu in haka ne kenan Harajin in koma lakca, sauran in yi a gida? Kuɗin ne matsalar, santar da nake zuwa ba sa yarda ka biya na darasi ɗaya sai dai ka biya duka, kuma malamin harajin nasu a bara littafi kawai yake karanta mana har a tashi.

Odita_Jos

Malam Ɗan Kurna ka nemi wata santar, akwai masu karɓar kuɗi darasi-darasi, akwai kuma masu yi ta intanet su turo maka bidiyo ka kalla lokacin da ka samu sarari. Malamin da zai karanta maka littafi ai gara ka karanta abinka, littattafan ICAN ɗin suna nan a shafinsu ka sauke.

Ni yadda na raba abin, ba wai lakca ko tambayoyi ba, kowane darasi da halinsa. Haraji a wannan lokacin kam ka nemi mai koyarwa wanda yake aikin da hannunsa, don abin da Abu ya faɗa ma somin taɓi ne. A watan Yunin 2025 shugaban ƙasa ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu, manyan biyu daga ciki suka fara aiki Janairun 2026, hukumar tara haraji ta FIRS ɗin ma an canza mata suna ta koma NRS. Duk tambayar da aka yi kafin nan a kan tsohuwar doka aka gina amsarta. Za ka iya amfani da su ka koyi tsari, yadda ake jera lissafi daga riba zuwa abin da za a biya, amma kowane adadi sai ka tantance shi, kuma ka duba sanarwar ICAN da manhajar da ake kai yanzu ka san wace doka za a tambaya a zangon da za ka zauna, kar ka dogara da ji-ta-ji-tar guruf.

FR ma tana da irin wannan tarkon amma nata da sauƙi, don an san ranakun. A ƙa'idar kuɗin shiga IFRS 15 ta maye gurbin IAS 18 da IAS 11 daga 2018, a ta haya kuma IFRS 16 ta kori IAS 17 daga 2019. In ka ɗauko tambayar haya ta kafin nan za ka ga mai karɓar haya yana raba ta gida biyu, wata a saka a littafi wata a bar ta a matsayin kuɗin haya kawai, yanzu kuwa kusan duka sai ka shigar da haƙƙin amfani da kadarar a ɓangaren dukiya da bashin hayar a ɗaya ɓangaren, in ban da ta wata 12 zuwa ƙasa ko ta ƙaramin abu. Saboda haka ka fara daga na baya-bayan nan ka yi baya, kar ka fara daga tsofaffi.

PSAF kuwa ita ce mutane ke rainawa. Wanda bai taɓa aikin gwamnati ba yana ganin TSA (asusun bai ɗaya na gwamnati) da IPSAS (ƙa'idojin lissafin gwamnati) da su baucan biya kamar wani yare, amma ba ta buƙatar malami sosai, tana buƙatar rubutu. Abin da ban ga kowa ya ambata ba shi ne rahoton mai jarrabawa da ke ƙarƙashin kowace amsa a Pathfinder, inda yake faɗin me tambayar take gwadawa, mutane nawa suka taɓa ta, a ina suka fi zamewa. Mutane tsallake shi suke yi, ni kuwa shi nake fara karantawa, wanda zai yi maka maki ne fa yake gaya maka abin da ke ba shi haushi. Karanta na zango huɗu ko biyar a jere za ka ga kusan kuka ɗaya yake yi, ba a karanta abin da aka tambaya, an ce ka tattauna ka jero, an ce ka ba da shawara ka kawo ma'ana.

Ummu Sultan

Ni ACCA nake yi, wato ta akantocin Birtaniya, ba ICAN ba amma ciwon ɗaya ne, mu ma 50 ne makin ci. Namu a kwamfuta ake yi, sau huɗu a shekara, Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka kundin tambayoyi na Kaplan ko BPP shi ne abokin tafiya. Abin da nake yi saboda data da lokaci, ba na kallon bidiyon lakca daga farko zuwa ƙarshe, tambaya nake fara gwadawa in ta buge ni sai in je in nemo daidai wajen a bidiyon, minti goma sha biyar na gama na dawo na sake gwadawa. Lakcar da ka shiga da tambaya a ranka daban take da wadda ka shiga kana hamma. Bayan kwana uku kuma in sake yin tambayar ba tare da na duba komai ba, nan ne ake gane ko ta zauna.

Maman Hanif

Baba ai ban ce a jefar da malami ba, mu ma ku kuka koyar da mu, Allah ya ja kwana. Abin da nake cewa shi wannan yaron ya riga ya zauna lakcar FR zango guda cur, littafi biyu ya cika. In ya koma ya sake zama daga babi na ɗaya zai ji daɗi ne kawai don komai zai zo masa da sauƙi, ya fito yana ganin ya shirya, alhali abin da ya kayar da shi yana nan inda ya bar shi. Misalin gudwil ɗin ma da ka kawo, da ya yi tambayoyin konsolideshin guda goma da hannunsa ai da tuni ya ci karo da hanyoyin biyu ya zo yana tambaya, kuma amsar da za ka ba shi a lokacin ba zai taɓa mantawa ba.

Baba Akanta

To ai mun zo waje ɗaya, sai dai ke kin biyo ta kasuwa ni na biyo ta masallaci. Sharaɗina ɗaya, ya samu wanda zai tambaya. Ɗana in ka maƙale ka rubuto a nan, in ina da rai da lafiya zan duba. Amma ka turo abin da ka rubuta da hannunka, kar ka turo min hoton tambaya ka ce Baba a warware.

Ɗan Kurna

In sha Allah Baba, na gode. Jiya da daddare na gwada, na sa agogon waya a minti 54 na kifa amsar a ƙarƙashin darduma don kar shaiɗan ya ja ni. Ƙararrawa ta buga ina kan ribar da ba a kai ga samu ba ta kayan da uwar kamfani ta sayar wa 'yar, ko rabin takardar ban jera ba, hannuna har ciwo yake don rabon da in yi rubutu mai tsawo haka tun ranar jarrabawa. Na yi wa kaina maki da jan biro kamar yadda Anti ta ce, 13 cikin 30, kuma uku daga ciki na zubar ne a banza don tambayar ta ce an sayi kamfanin a tsakiyar shekara ni kuma na ɗauki ribar shekara duka. Harajin zan nemi inda ake biya darasi ɗaya. Akwai wanda ke Kano da zai rubuta FR a Nuwamba mu dinga haɗuwa ranar Lahadi bayan la'asar muna musayar takarda, ni in yi wa tasa maki shi ya yi wa tawa? Don na lura ina yi wa kaina sassauci, akwai wani rabin maki da na ba kaina jiya wanda har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba.